Ruwan Siracen Yaya

Kwana tara Yaya tana fama da ciwon kwarmin ido. Likita ya ce mura ce ta tara majina a kogon ƙashin fuskarta, ita ke danno idon ta ciki. Ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ta riƙa sirace da ruwan zafi safe da yamma.

Auta, ƙanwarta, ita ke zubar da ruwan. Ran nan da magariba robar ta ƙona mata yatsu, ta watsa shi da zafinsa a makwararar bayan kicin, ko bisimilla babu. Sai ta ji wata 'yar ƙara siririya kamar ta jariri. Ta ja bakinta ta yi gum, don Baba hannunsa ya fi bakinsa sauri.

Washegari tsakuwa ta fara sauka a kan rufin kwano. Yaya ta ƙi magani, ta maƙure a lungu tana tura yatsa cikin idonta na hagu.

"Ƙwayoyin likitanki sun haukata min 'ya," Baba ya ce wa Umma.

Aka kira Malam. Ya daɗe yana karatu kafin muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin Yaya.

"Kun ƙona wa ɗana ido. Ido zan ɗauka."

"Wannan ce ta ƙona shi?" in ji Malam.

"Ruwanta ne. Mai zubawar tana nan, munafuka. In ba ta yi magana ba, na wannan zan ƙwaƙule."

Yatsan Yaya ya ƙara nutsewa. Auta ta kalli hannun Baba, ta kalli idon da ya yi jawur yana zubar ruwa.

"Ni ce," ta ce.

"Ba ta gan shi ba," Malam ya ce wa muryar. "Ke ma makwarara wurin kwantar da yaro ce? Faɗi abin da zai raba mu."

Sai muryar ta ce:

"Ruwan sanyi a wurin, kwana bakwai. Da hannunta."

Yaya ta yi atishawa uku, ta zube. Da ta farfaɗo ta dafe fuska. "Umma, idona har yanzu."

"Ashe ba ta fita ba!" Baba ya daka tsawa.

"Ta fita," Malam ya ce yana saka takalmi. "Wannan na likita ne. Ta shanye maganinta, ta ci gaba da siracen."

Ciwon ya tafi a sati. Baba bai daki Auta ba, bai kuma ƙara kallonta ba. Ran nan da yamma cikin satin, Auta tana tsugune gaban robar siracen, yatsa a ruwa tana jira ya huce, Yaya ta zo wucewa.

"Da sai idona ya fita za ki yi magana, ko?"