Baitin Mama a Hanyar Pankshin

A wani shagon rediyon mota da ke kasuwar Bukuru suka fara ganin juna. Hosana ce ta kawo tsohuwar fijon babanta, rediyon ya haɗiye kaset ya ƙi saki. Mai shagon, Nnaemeka, haifaffen Anguwan Rukuba ne, Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da yaren iyayensa. Ya leƙa motar, ya ɗago ya kalli yarinyar, kallon da gyaran rediyo ba ya bukata.

"Madam, wannan rediyon ya girme ni. In sa miki mai haɗuwa da waya?"

"Je ka faɗa wa Baba Mwadkon da bakinka. Ni ban gaji da duniya ba."

Ya zaro kaset ɗin, ya naɗe zaren da biro, ya karɓi lambarta, wai ko rediyon zai sake gardama. Rediyon bai sake ba. Saƙo dai bai yanke ba.

"Madam Kaset, na rufe shago amma kunnena bai huta ba, muryarki yake nema."

"Oga Hayaniya, rage ƙarar sifika, wataƙila ka jiyo ni daga nan."

Maganganu ne marasa kan gado, amma da irinsu ake cika duniya da mutane.

Baba Mwadkon tsohon hedimasta ne, kuma tun da ya yi ritaya 'ya'yansa suka zama ajinsa. Da Hosana ta ambaci sunan saurayin, ko ɗago kai bai yi daga jarida ba.

"Yaron da ke sayar da ƙara? Abin da suke ji ba waƙa ba ce, injin markaɗe ne. Ga Charles, yaro mai natsuwa."

Charles shi ne shugaban mawaƙan majami'arsu. Ya haddace littafin waƙoƙi, kuma yana son a san haka.

Kowace Kirsimeti gidan nan sukan tafi Pankshin, garin mahaifiyar Hosana, marigayiya Mama Naomi, da kaset guda na waƙoƙin zumuntar mata. Suna yara, Hosana da wanta Siman sun sha roƙon a kama tasha ko na ɗan lokaci, Baba yana cewa motarsa ba gidan rawa ba ce. A waƙar farko kowa da baitin da yake bi: Baba, Siman, Hosana, na ƙarshe na Mama. Tun rasuwarta, in an zo baitinta kaset kaɗai ke rerawa. Ba wanda ya kafa dokar, ba wanda ya taɓa gaya wa baƙo.

A bana Siman yana Legas, idon Baba kuma ya daina yarda da titi. Ya gayyaci Charles. Labari ya isa kasuwa, Nnaemeka ya daina kira, sai saƙo ɗaya:

"Na ji an ba Charles kujerar gaba. Allah ya sanya alheri."

"Charles bai iya tuƙi ba, sakaraina. Direba muke nema. Ka zo da sassafe, kuma kada hannunka ya taɓa rediyo."

Ya zo. Baba ya amsa gaisuwarsa kamar mai biyan haraji.

Suna wuce Mararrabar Jama'a aka sa kaset. Baba ya yi baitinsa, Hosana ta yi nata da na Siman. Sai na Mama ya shigo. Charles ya ji fili ya buɗe, ya gyara wuya, ya rera shi tun daga farko har ƙarshe, har da kaɗa yatsa. Muryarsa kam babu laifi.

"Baba, ai nan ne daɗin waƙar! A mayar baya mu sake?"

Baba ya juya wajen taga, direba ya rage gudu.

A Mangu aka tsaya sayen dankali. Baba ya fito ya buɗe ƙofar gaba.

"Charles, koma baya, gwiwata na son miƙewa."

Sun yi nisa kafin Baba ya ce, "Kai direba, ba ka waƙa ne?"

"Baba, ban iya ba. Gaskiya ma barci take sa ni."

Hosana ta rufe fuska da gyale.

Baba ya ce, "To me ya sa ka rage gudu ɗazu?"

"Na ga a madubi ka juya wajen taga, ita ma ta yi shiru. Ban san dalili ba, na dai ga ba wurin gudu ba ne."

Baba ya daɗe yana kallon duwatsu. Sannan ya kashe kaset da kansa.

"Sa mini kiɗan naku a wayarka in ji."

Ya saurara har ƙarshe, fuska a murtuke kamar mai duba jarrabawa.

"Ban ga abin so ba. Ka turo iyayenka bayan sabuwar shekara."

An ɗaura auren bayan Ista, Charles ne ya jagoranci mawaƙa, ya kuma yi aikinsa da kyau. A wajen liyafa Baba ya ɗora hannu a kan amarya da ango.

"Ubangiji ya ba ku doguwar hanya tare, kada ɗayanku ya yi saurin sauka ya bar ɗaya. Ya ba ku 'ya'yan da za su raina waƙarku."

Jama'a suka ce amin, Hosana ce ta fi kowa ɗaga murya.