Babin Da Aka Cire

Ranar da ya fara shigowa maɗaba'ar, idanunta har yaji suke yi don karatu. Aikinta gyaran rubutu ne, tun safe take bin layuka da jan biro, injin buga takardu na ƙara a bayanta. Shi kuwa mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, an kira shi ya duba tasu. Da ya gama, sai ya zaro wasu takardu daga jakar kayan aikinsa.

"Don Allah ko za ki duba min? Labarin wasu mutane ne a jirgin sararin samaniya, shekara ɗari biyu nan gaba."

Ta karɓa ne kawai don ya bar mata gaban tebur. Bayan kwana uku ta tura masa saƙo:

"Ɗan Sama, labarinka da daɗi. Amma mutum dubu a jirgi ɗaya, ba mai gajiya, ba wanda aka zalunta? Wa yake yi musu shara?"

Ya amsa: "Jan Biro, wuni nake a kan tsani ina jin ƙorafin duniya. In na ɗauki alƙalami hutu nake nema. Ki bar min taurarina ba siyasa."

Wata huɗu suna wannan musu a bencin tashar mota, kowa a gajiye. Ba ta san ranar da ta fara barin motarta ta wuce don su ƙarasa magana ba. Daga ƙarshe ya rubuta babi na tara: ana rabon iska a jirgin, na hawan sama suna shaƙa son ransu, ma'aikatan ɗakin inji suna suma. Wani dattijo ya rubuta koke, shugaban jirgi ya kore shi da tsawa.

Ta karanta ta yi kuka, domin mahaifinta ma koke ya rubuta a masana'antar da ya yi wa aiki shekara ashirin da biyu, ya rasa aikinsa.

Da maganar aure ta taso, Baba ya ƙi. Ɗan mai maɗaba'ar, wanda shi ma yake nemanta, ya riga ya kai masa labarin cewa saurayin rubutun tsokanar manya yake yi.

"Na ga abin da takarda ɗaya ta yi wa gidan nan," in ji Baba. "Ba zan ba da ke inda za a maimaita ba."

Sati biyu bayan haka littafin, wanda maɗaba'arsu za ta buga, ya dawo teburinta don gyaran ƙarshe, babu babi na tara. Ta rubuta masa: "Ashe tsoro ya fi ni a wajenka." Ya kira sau shida, ba ta ɗauka ba. Ta ci gaba da zuwa aiki tana dawowa, ko abinci sai Umma ta yi mata faɗa take ci.

Umma ce ta gaji da ganinta haka, ta same ta tana ninke wanki.

"Ke, daina zagin bawan Allah a ranki. Babanki ne ya kira shi, ya ce ko babin ko ke. Yaron ya ce ya zaɓe ki, kuma ya roƙi kada a gaya miki don kada ki ƙullaci mahaifinki."

Ta ajiye rigar da ke hannunta. Sannan ta ɗauko tsohon kwafin da ke jakarta, mai babi na tara, ta ajiye wa Baba kusa da tabaraunsa.

Kwana biyu takardun suna wurinsa. A na uku ya ce ta kira masa yaron. Ɗan Sama ya zo da kayan aiki a jikinsa, ya durƙusa a bakin tabarma, ita kuma tana bayan labule tana sauraro.

"Rubutunka akwai ƙarya," in ji Baba. "Ba da tsawa ake korar mutum ba. Shayi ake ba ka, a miƙo maka wasiƙar godiya. Washegari abokan aikinka su riƙa duban ƙasa in sun gan ka."

Ya miƙa masa takardun, gefensu cike da rubutun fensir.

"Gyara shi, ka mayar. Shekara takwas ban gaya wa kowa ba, sai ga shi a jirginka. Ka turo manyanka."

Da yamma saƙonta ya shiga wayarsa: "Ka yafe min, masoyina. Na yi maka mummunan zato."

"Na yafe, zuciyata. Amma littafi na gaba ba siyasa, na gaji."

"Za mu gani," ta amsa, tana dariya ita kaɗai.

Bayan wata biyu aka ɗaura musu aure. Da za ta bar gida, Baba ya dafa kanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari," ya ce. "Allah ya hutar da ku."

Umma ta ce amin, tana share ido da gefen mayafinta.