Bunsurun da Ba a Yi wa Dabaibayi Ba

Tun da aka halicci gemu, ba a taɓa zaluntar mai gemu kamar ni ba. Ni bunsuru ne, kuma a wancan zamani babu mai ƙaho irin nawa.

Maigidana tsoho ne mai wa'azi a coci. Kowa a garin yana yi wa dabbarsa dabaibayi, ya ɗaure mata ƙafafun gaba don kada ta yi nisa. Shi kuwa cewa yake, "Ubangiji bai yi wa ɗan Adam dabaibayi ba, ya fi son a zo masa don so." Gargaɗi ɗaya ya yi mini, kada in shiga gonar waken maƙwabci. Kullum da yamma ya kira, in zo. Ya kira, in zo, ya sosa mini tsakanin ƙaho.

Ran nan wake ya yi fure. Tsohon ya kira, ban zo ba.

Yau ga ni ɗaure a turken mai gonar, yana wasa wuƙa yana kallona. Ba dusa nake kewa ba, kiran nan nake kewa.

Na ce wa jakin gidan, "Malam, ka ga zalunci? Da maigidana ya ɗaure ni, da ina gida."

Jaki ya ce, "Ni ba a taɓa kirana ba, ja na ake yi. Wa ya kai ka gonar?"

Sai na jiyo muryar tsohona a zaure, yana roƙo a ba shi bunsurunsa. Na sunkuyar da kai, na ce, "Ni na kai kaina, Malam."