Ƙazafin Bakanike

Da magariba ne, bakanike na tsugune a tsakar gida yana goge baƙin mai a hannunsa, sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano. Matarsa ta ɗauko, ashe notin injin mota ne, har da ɗuminsa. Kwana uku ana wannan jifa, ba a ga mai yi ba. Ran na huɗu 'yarsu Auta ta yar da tsintsiya, ta zauna daɓas, ƙirjinta ya shiga ƙwanƙwasa kamar injin da mai ya ƙare masa. Uban kuwa ya san wannan ƙara.

Sati biyu kafin nan shi ya haɗa injin motar hayar yayansa, wadda da ita yayan ke ciyar da iyalinsa. Kirankishaf, sandar nan da fistin ke juyawa, ya karye biyu a hanya. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Yaya, wannan ba aikin ƙarfe ba ne, aljanu ne." Kai, mutum da ƙarfin hali!

Yayan ne ya taka da ƙafa ya ɗauko malam, kuma shi ne ya riƙe ƙafafun yarinyar. Malam ya daɗe yana karatu. Can sai muryar wani tsoho ta fito daga bakin Auta.

"Jifa ni na yi, yarinya ni na kama. Amma ƙarfen nan ban taɓa shi ba. Tambayi ubanta, ya wanke ramukan mai? Boris ɗin da kirankishaf ke juyawa a kansu, da suka cinye, ya canja, ko mayar da su ya yi? Ya ɗaure noti da ƙiyasi. Mai bai kai ba, ƙarfe ya ci ƙarfe, ya yi zafi, ya tsage. Sannan ya ɗora mana."

"Me kake so ka bar ta?" in ji malam.

"Ya faɗa da bakinsa. In ya ƙi, na zauna ke nan."

Bakanike ya dubi Auta, numfashinta na sarƙewa, hawaye ya zubo masa.

"Yaya, ni ne. Sauri nake yi, na ce ai motar za ta tashi."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce, "Baba, ruwa."

Yayan ya saki ƙafafunta a hankali, ya miƙe ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Da ka gaya mini tun ran nan, da ƙarfe kawai na rasa."