Tsaga Uku

Dab da magariba matar yayansa ta miƙa wa Ƙaramin Kafinta makullin shagon mijinta, ta ce don Allah ya ɗauko mata kujerar nan. Kwana tara ke nan da rasuwar mijinta, Babban Kafinta. Kujera ce mai hannu da ya fara yi mata saboda ciwon baya. Saura ƙafa ɗaya ya zauna a bakin benci, fensir a bayan kunne, ya ce bari ya ɗan huta. Hutun ke nan har yau. Ƙarami ne ya ƙarasa ƙafar jiya.

Shi fa Ƙarami ba yaro ba ne. Shekara hamsin da biyu, ga furfura, ga shagon kansa, amma garin nan ya ƙi ya daina ce masa Ƙarami. Kwana taran nan kuwa ya sha baƙin ciki iri biyu, na mutuwa da na yabo. Kowa ya zo sai ya ce marigayi bai taɓa buga ƙusa a aikinsa ba, da turakun katako yake haɗawa. Ƙofarsa ba ta ƙara. Ko aiki ya kai wuya sai ya rufe shago ya je ya ci abinci da 'ya'yansa mata uku, kuma saboda su ne yake yin tsaga uku a ƙarƙashin duk abin da ya ƙera. Ƙarami yana ta amin, amma a baki kawai. Shi katakon laka yake sassaƙawa?

A hanya ya yanke shawara. Zai fere tsagar da ke ƙarƙashin kujerar, ya ce kujerar daga farko aikinsa ce. Ko sau ɗaya dai a yabe shi.

Ya buɗe shago. Ƙamshin ɗanyen katako da gam ya tare shi. Hasken da ya rage yana shigowa ta taga, ja-ja. Zarto da guduma suna rataye inda mai su ya bar su. Ya kifa kujerar a kan benci, ya lalubo tsagar da yatsa, ya sa wuƙar sassaƙa ya fere. Ya hure garin katako.

Tsagar tana nan.

Ya sake ferewa, da ƙarfi wannan karon. Tana nan, har ta fi ɗazu zurfi.

Sai ya ji ana gogar katako a bayansa. Shuu. Shuu. A hankali, ja biyu a tsaya, yadda mutum ɗaya tak yake yi a garin nan. Warin man zafin da yayansa ke shafa wa gwiwa ya cika shagon.

Bai juya ba. Wuyansa ya ƙi.

Gugar ta tsaya. Benci ya ɗan lotsa kusa da shi, kamar an zauna.

"Ƙarami." Muryar can ƙasa take, dab da kunnensa.

"Na'am, Yaya," ya ce.

"Ka sa mata ƙusa."

Gaskiya ne. A ƙafa ta huɗu ya buga ƙusa, ya toshe kan da gam da garin katako don kada a gani.

Ƙafar ta fara kuka. Ƙiii. Yana kallo kan ƙusar ya ɓullo, yana fitowa da kansa.

Hasken taga ya ɗauke.

Ƙofar shago ta fara rufuwa, ba iska, ba ƙara. Ƙofar marigayi ce.

Ya saki wuƙa ya yi tsalle. Kafaɗa ta wuce, ƙofar ta cafke gefen rigarsa. Ya fizga, riga ta yage, ya faɗi a titi da takalmi ɗaya. A ciki aka ci gaba da guga.

Da safe ya koma tare da babbar 'yar marigayi, wai kujerar ta yi masa nauyi. Suka tarar da ita a tsaye, ƙafafu huɗu daram, ƙusar tana ajiye a kan mazauni. Ya ɗauke ta ya jefa aljihu kafin yarinyar ta gani.

Tun daga ranar hannun Ƙarami ya canza. In ya ɗauki ƙusa sai yatsunsa su sake ta. Aikinsa ya yi kyan da bai taɓa yi ba, ƙofofinsa suka daina ƙara. Amma duk abin da ya ƙera ya kwana a shago, da safe sai ya tarar da tsaga uku a ƙarƙashi. In ya ce aikinsa ne, sai a yi murmushi a ce ragowar na marigayi ne yake fitarwa kaɗan-kaɗan.

Rannan ya yi wa matarsa 'yar kujerar tsakar gida, ya kwana biyu a kanta. Ta juya ta, ta shafa ƙarƙashin, idonta ya kawo ruwa.

"Allah ya jiƙan Yaya," ta ce. "Kai ma da ka tsaya ka koya a wurinsa."