Zangon Hartum

Shafa'atu na durƙushe a tsakar gidansu na Bungudu tana ƙulla kuka da daddawa a leda, sai ƙarar jirgin sama ta ratso daga can nesa. Ba ta ɗaga kai ba, ta san abin da zai biyo baya. Mahaifiyarta, Inna Uwani, ta ajiye faifai, ta miƙe ta tsaya tsakiyar gida, ta dafe goshi tana duban sama har ƙarar ta ɓace. Daga nan ta taka zuwa ƙofar ɗakin da ke kusa da zaure, ta ɗaga butar da ke ajiye wurin, ta ji cike take, ta mayar.

Ɗakin Malam Sama'ila ne, mahaifin Shafa'atu. Shekara goma sha huɗu ke nan da ya datse ƙofar da kwaɗo da hannunsa, ya rataya mabuɗin a wuya, ya tafi Umra cikin ayari. Jirginsu ya yada zango a Hartum, babban birnin Sudan. Aka ce an ga ya nufi masallacin filin jirgi, jagoran ayarin kuma ya ɗauka ya riga su hawa. Sai a Jidda aka ƙirga mutane aka ga babu shi. An rubuta wasiƙu, an yi cigiya a rediyo, shiru. Dangi sun yi sun yi da Inna ta bari a fasa kwaɗon, ta ƙi. Kullum da safe takan zubar da ruwan butar ta cika da sabo, saboda Malam ba ya son alwala da ruwan da ya kwana.

Yanzu autarta ce za ta bi hanyar. Shekara uku da aka ɗaura wa Shafa'atu aure da Lukuman, ɗan Tsafe, likita a wani asibiti a Jidda. Sau ɗaya a shekara yake zuwa hutu. Sai bana takardarta ta fito, ya zo ɗaukarta, kuma saura kwana goma sha biyu bizar ta mutu. In ta mutu ba ta shiga ba, ba wanda ya san yaushe wata za ta sake fitowa.

"Auta," in ji Inna, ba tare da ta dube ta ba. "Jirgin da za ku hau, yana zango?"

"A'a Inna, dairek ne. Daga Kano sai Jidda."

"Mi kic ce?"

"Ba ya tsayawa ko'ina."

Inna ta shiga ɗakinta ta fito da wani ɗan hoto naɗe a ƙyalle, duk gefunansa sun yi laushi saboda riƙo.

"Ki ce ma mijinki ya sake. Wanda ke sauka Hartum za ku bi. Ki nuna hoton ga ga masu shara, ga masu gadi, ga kowa. Shekara goma sha huɗu ban samu ɗan aike na jikina ba sai ke."

"Inna, ya riga ya sayi..."

"To ki hau. Ki wuce ta bisa kan ubanki kina cin biskit." Muryarta ba ta tashi ba, abin da ya fi ba Shafa'atu tsoro ke nan. "Amma kar ki zo mini bankwana. Ba ni da bakin sa albarka ga tafiyar da ta tsallake shi."

Da yamma Shafa'atu ta koma Tsafe, gidan su Lukuman inda take zaune. Ta same shi a ɗaki, abincinsa a rufe bai taɓa ba. Tun da ya dawo mako uku da suka wuce haka yake, ga rama, ga yawan shiru. Ta zauna gefensa ta faɗa masa yadda suka yi.

"A'a," ya ce.

"Haba Dokta! Ko tunani ba ka yi ba."

"Na yi. Awa goma sha ɗaya kan benci, ke da ba ki taɓa hawa jirgi ba? Dairek za mu bi."

"Ni ban ce na gaji ba. Uwata ce fa ta roƙa!"

"Shafa, don Allah ki bar maganar Hartum."

"Saboda me?"

Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita.

Mahaifiyarsa, Hajiya Ladidi, ta ji komai daga ƙofar madafa. Ta leƙo tana goge hannu. "Ke 'yar nan, gidan miji za a kai ki ko cigiya? Shekara uku kina zaune mini nan kamar ajiya, takarda ta fito kuma za ku tsaya zaɓen jirgi! In uwarki ba ta gaji da jira ba, ɗana ya gaji."

Shafa'atu ta sunkuyar da kai. Da ta rufe ƙofa ta yi kuka mai isarta. Abin da ya fi ci mata rai ba maganar Hajiya ba ce. Mutumin da ya yi shekara uku yana rubuto mata wasiƙa duk mako, yana tambayar lafiyar Inna kafin tata, shi ne yau ya kasa ba tsohuwar awa goma sha ɗaya.

Kwana huɗu suka wuce, gaisuwa kawai ke haɗa su. Ta koma Bungudu roƙo, Inna ta karɓi gaisuwarta ta juya ta ci gaba da tankaɗe. A hanyar dawowa, da motar ta tsaya Gusau, Shafa'atu ta sauka. Tikitocin na cikin jakarta, ta yanke shawarar ta sake su da kanta, abin da zai faru ya faru.

Ofishin Alhaji Manu, mai sayar da tikitin jirgi, ɗan ɗaki ne a bayan kasuwa, da fanka ɗaya da hoton Ka'aba. Shi ba ya kiran kamfanonin da sunayensu, da tsuntsun da aka zana a wutsiyar jirgi yake gane su.

"Amaryar Dokta! Zauna, zauna. To ga yadda abin yake. Shaho dairek ne, Talata da Asabar. Ki hau a Kano, awa biyar kina Jidda. Amma kilo talatin ne kacal, ko ƙullin daddawa ɗaya ya hau kai sai su ce a sauke. Shamuwa kuwa Alhamis kawai, kilo arba'in, abincinsu ya fi, sai dai zai zube ki Hartum ki wuni kina kallon takalman mutane. Akwai na uku mai bi ta Alƙahira, wannan kam kamar mai zuwa Tsafe ne ya bi ta Kaura."

"Shamuwa nake so, Alhaji. A sake mana."

Ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. "Ai na sani! Na ce a raina wannan dairek ɗin ba zai ɗore ba. Ashe ke ma ya shafa miki ciwon nasa."

"Wane ciwo?"

"Ciwon Hartum mana. Mijinki ai bai taɓa hawa Shaho ba. Shekara uku, zuwa da komawa, kullum Shamuwa. Na ce Dokta, ko mata ka ajiye can? Ya ce a'a, wani dattijo yake nema. Har hoto ya nuna mini, mai tsagar Zamfarawa. Sai makon jiya ya shigo fuska a murtuke ya ce dairek, mutum biyu, kuma kar in tambaye shi... Lafiya? Ke, a kawo miki ruwa?"

Shafa'atu ta miƙe, ta tattara tikitocin. "A bar su yadda suke tukuna, Alhaji."

Ana kiran la'asar ta isa Tsafe. Ta jira ya dawo daga masallaci, ta rufe ƙofa, ta tsaya a gabansa.

"Hoton Baba da ya ɓace daga albam ɗina shekara uku da suka wuce, kai ka ɗauka?"

Ya dube ta, ya zauna bakin gado a hankali. "Alhaji Manu."

"Ka same shi?"

Ya jawo jakarsa, ya zuge wani ɗan aljihu na ciki, ya fito da igiyar fata da ta yi baƙi saboda tsufa. Ƙaramin mabuɗi na rataye jikinta.

Ta zauna ƙasa tana kallon mabuɗin.

"Sau biyar ina tambayar ofisoshi, ba wanda ya san komai," ya ce. "A wannan zuwan na shiga masallacin filin jirgin Hartum, na ji wani tsoho mai shara yana mita da Hausa. Kakanninsa ne suka taso daga nan da ƙafa za su Makka, suka zauna can. Na nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo, sai ya ce, 'Baƙonmu ne.' Shafa, Baba sujada ya yi bai ɗago ba. Sai bayan jirgi ya tashi aka lura. Fasfonsa da tikitinsa duk suna jakar jagoran ayari, aljihunsa ba ko takarda ɗaya. Hausawan unguwar tsohon suka karɓe shi, suka yi masa sutura, suka kai shi. Tsohon shi ya yi masa wanka. Ya ce ya ajiye mabuɗin saboda ya san akwai wata ƙofa wani wuri da ke jiransa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce, ta sake faɗa, ta sake. Da kukan ya lafa ta ɗago. "Mako uku! Mako uku kana kallona ina ƙulla kaya!"

"Ranar da na iso na je Bungudu da niyyar faɗa. Na yi sallama, na tarar da ita tana cika butar nan. Ta ce mini, 'Likita, can inda kake ba ka taɓa jin labari ba?' Wallahi mabuɗin na aljihuna. Na ce a'a." Hawaye suka zubo masa. "Na sha faɗa wa mutane mutuwa a asibiti, amma wannan na kasa. Ga shi za mu ɗauke mata ke. Na ce in na ƙwace mata jiran ma, me ya rage mata? In kuma muka bi ta Hartum, tsohon zai tare mu ya yi miki gaisuwar rasuwa a bakin masallaci."

"Ba kai za ka yanke mata ba, Dokta. Mijinta ne."

"Na sani. Na yi kuskure."

Ta ɗauki mabuɗin ta damƙe. "Gobe da safe. Ni da kai."

Da hantsi suka isa Bungudu. Lukuman ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da surukarsa. Inna ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, ta amsa gaisuwarsa a taƙaice. Shafa'atu ta matsa, ta buɗe tafin hannun uwarta ta ɗora igiyar.

Inna ta bi saƙar igiyar da ɗan yatsa har zuwa wani ƙulli na gefe.

"Ni na ƙulla nan," ta ce. "Ta tsinke mashi ana gobe tafiya."

Ta miƙe ta nufi ƙofar. Kwaɗon ya yi tsatsa, ya ƙi juyawa. Shafa'atu ta ɗebo man gyaɗa ta ɗiga. A karo na uku ya buɗe. Ga buzunsa shimfiɗe, ga allo jingine da bango, ga babbar rigarsa ta Juma'a rataye a ƙusa. Inna ta tsaya bakin ƙofa, ta juyo.

"Likita, faɗa mini. Kar ka rage komi."

Ya faɗa mata duka, kansa a ƙasa, har ƙaryar da ya yi mata mako uku da suka wuce.

"Cikin sujada?"

"Cikin sujada, Inna."

"An yi mashi salla?"

"Tsohon ya ce sahu huɗu."

Sai a lokacin ta zauna bakin ƙofar ta yi kuka, irin wanda Shafa'atu ba ta taɓa ji daga gare ta ba. Maƙwabta suka shigo da salati. Da ta samu numfashi ta ce, "Mutane sun ce guduwa ya yi, wai ya yi aure can. Ban taɓa yarda ba, amma kullum sai maganar ta kwana da ni. Ashe salla ya tsaya yi."

Aka yi zaman gaisuwa kwana uku. Hajiya Ladidi ta zo daga Tsafe da buhun gero na sadaka, ta riƙe hannun Inna ta yi mata ta'aziyya. Ranar ƙarshe Shafa'atu ta ce, "Inna, akwai na Alhamis. In kina so mu bi ta Hartum, mu gode wa tsohon, sai mu bi."

Inna ta girgiza kai. "Likita ya kai mashi gaisuwata wani zuwan. Ku hau wanda ba shi tsayawa. Shekara goma sha huɗu ina zango, Auta, ya isa haka. Ku tafi, Allah shi yi muku albarka, shi ba ku masu yi muku abin da yaron ga ya yi mini."

Aka kira azahar. Lukuman ya miƙe yana neman ruwan alwala. Inna ta taka zuwa ƙofar ɗakin Malam, ta ɗauki butar, ta miƙa wa Shafa'atu.

"Kai ma mijinki. Ruwan na yau ne."

Ranar Asabar suka tashi daga Kano, saura kwana ɗaya bizar ta mutu. Shafa'atu ta sha faɗa daga baya cewa abu biyu ta koya cikin kwanakin nan. Na farko, mace ta yi haƙuri da shirun mijinta kafin ta yanke masa hukunci, domin wanda ta zarga da rashin tausayi shi ne ya yi shekara uku yana wuni kan benci saboda uwarta. Na biyu, ɓoye wa mutum gaskiya don a tausaya masa ƙara masa wahala ne kawai, ko da niyyar mai kyau ce.

Jirage ba su daina ratsa samaniyar Bungudu ba. In ƙarar ta zo, Inna Uwani takan ce Allah ya sauke su lafiya, ta ci gaba da tankaɗenta.