Kada Ki Dawo Da Kwalbar

"Wa ya ce a yi wa shanuna wannan allura?"

Dada, mahaifiyar Njidda, ta ajiye kwalbar maganin a gabana kan tabarma. Ko takalmina ban gama cirewa ba. Kwana biyu na yi a mota daga Sakkwato zuwa Jalingo, wanka kawai na yi a gidanmu na Sintali na taho Kachalla Sembe gaishe ta.

"Dada, ai na faɗa miki ni ne," in ji Njidda da sauri. "Mai shago ne ya ba ni, ban tambayi kowa ba."

Ya dube ni, idonsa na roƙona in yi shiru.

A bakin ƙofa Zulfa, 'yar kawunsa, tana zaune tana juya waya a hannu, da wani murmushi wanda tun ranar da aka kai gaisuwata ban ga irinsa a fuskarta ba. Kowa ya san ita ta so Njidda. Ni kuwa 'yar boko ce da ke karatun likitan dabbobi, wadda Dada ta daɗe tana cewa ba ta ga abin da littafi zai koya wa mutum a kan saniya ba.

Bari in faɗi yadda aka yi, don ni ba zan wanke kaina ba.

Makon jarabawar ilimin magunguna ne, darasin da ya kayar da ni bara. In na sake faɗuwa, korata za a yi, shekara huɗu ta tafi a banza. Na daina cin abincin kirki, gashina na zuba. Abin da ke shiga cikina kawai shinkafa ce da man shanun da Njidda ke aiko mini duk zango, daga Wule, saniyar da aka ware ta zama sadakina. In kwalbar ta ƙare in wanke ta in mayar, Dada ta sake cika ta. Ko lokacin da ba ta sona, ba ta taɓa mayar da kwalbar wayam ba.

Ranar Lahadi da la'asar Njidda ya kira ni sau huɗu ban ɗauka ba. Sai ya turo saƙo: "Rabin raina, shanun Dada a Iware ba lafiya. Ƙafafu sun kumbura, ba sa kiwo. Har da Wule."

Kaina kamar zai tsage. Na danna waya na yi masa saƙon murya, na ce a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a haɗa da deksa don kumburin, na faɗi adadi, na kashe wayar na koma kan littafi.

Washegari na buɗe takardar jarabawa. Tambaya ta uku: wane magani ne ba a yi wa saniya mai tsohon ciki, kuma me ya sa?

Deksa. Yana zubar da ciki.

Na san amsar! Na haddace ta tun makon jiya! Ban dai tambayi Njidda ko suna da ciki ba. Na rubuta amsar hawaye na ɗiga a takarda, na fito da gudu na kira shi.

"Njidda, kada a yi allurar nan!"

"Ai an yi tun jiya, masoyiya. Har sun fara tashi. Allah ya yi miki albarka."

Kwana uku bayan nan shanu huɗu suka yi ɓari. Wule kuma mabiyiya ta ƙi fita, zazzaɓi ya kama ta, aka sa mata wuƙa. Duk wannan Njidda ya ɓoye mini har na gama sauran jarabawa. Kullum sai ya ce, "Lafiya lau, ke dai yi karatunki." A hanya ƙanwata ta faɗa mini.

To ga ni a gaban Dada, ga kwalba, ga mutumin da ya ɗauki laifina ya ɗora a kansa.

"Ni ce, Dada."

"Ruwaida!" Njidda ya daka mini tsawa.

"Ni na ce a yi. Ban tambaya ko suna da ciki ba. Jarabawa ta ruɗa ni... Ki yafe mini."

Dada ta matso kusa da ni. Tsohuwa ce da ba ta son kuka a gabanta, amma ta miƙo hannu ta dafa kaina.

"Bingel am," ta ce, wato 'yata, kalmar da ba ta taɓa kirana da ita ba. "Saniya tana mutuwa a hannun mai kiwo ma. Baban Njidda ya taɓa kashe uku da jiƙo. Tunda kin faɗi da bakinki, ya wuce."

Wallahi na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Njidda ya sunkuyar da kai yana hamdala.

Sai Zulfa ta gyara zama.

"Dada, useni, don Allah ki ji boyis ɗin dai, saƙon muryar da ta turo masa. Ni Hamma Njidda ya tura wa in nuna a shago. Ki ji har ƙarshe."

"Zulfa, ajiye wayar nan!" Njidda ya miƙe.

Ta riga ta danna.

Muryata ta cika ɗakin, a gajiye, a fusace. Sunan magani, adadi. Sannan abin da na manta sam na faɗa:

"Don Allah Njidda ka bar ni in yi karatu! Rayuwata ce a nan! Saniya ce fa kawai!"

Hannun Dada ya sauka daga kaina a hankali.

Shanun nan bakwai su ne abin da mijinta ya bar mata. Kowace da sunanta, ta san uwar kowace da kakarta. Wule da hannunta ta jawo ta daga cikin uwarta.

"Kawai," Dada ta maimaita. "Saniya kawai."

"Dada, ba haka nake nufi ba, wallahi gajiya ce..."

"Na sani. Mutum in ya gaji ne yake faɗin na cikinsa." Ta tashi ta ɗauki butarta. "Njidda, raka baƙuwa."

Baƙuwa! Minti biyar da suka wuce ni 'yarta ce.

Mako uku na yi a gida. Babana ya aika, kawunnaina suka je, Dada ta karɓe su da fura da mutunci, ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, amma ba za ta damƙa garken mijinta da ɗanta a hannun wadda ta ce kawai ba. Na tsani Zulfa, har yanzu ban daina ba, sai dai ba ƙarya ta yi mini ba. Muryata ce.

Ranar da zan koma, sakamako ya fito. Ni na zo ta ɗaya a ilimin magunguna. Na kalli wayar na ji ba abin da na tsana kamar makin nan.

Njidda ya same ni a tasha, ya rame, da leda a hannunsa.

"Na ji kin ci. Barka, likita."

"Njidda, ka ce wani abu mana! Ka yi faɗa da ni, ka zage ni!"

"Me zan ce, rabin raina?" Muryarsa ta karye. "Sau goma na saurari saƙon nan kafin in tura, na ce gajiya ce. Ni na yarda. Ita ba za ta iya ba, ni kuma ba zan iya barin ta ba."

Ya miƙo mini ledar. Kwalbata ce, man shanu bai kai rabi ba.

"Na Wule ne, na ƙarshe. Dada ta ce naki ne, ba za a ci hakkinki ba."

Na rungume ta ina kuka kamar yarinya, direba na ta danna oda.

"In ya ƙare zan wanke in aiko..."

Ya girgiza kai, bai iya kallona ba.

"Ta ce kada ki dawo da kwalbar."